Akihabara: Unguwar da Ake Haɗa Na'urar Sauti da Hannu

Yawancin baƙin da ke zuwa unguwar Akihabara a tsakiyar birnin Tokyo, wasannin kwamfuta da 'yan tsana da finafinan zane ne ke kai su, domin su ne suka mamaye dogayen gine-ginen da ke bakin titin Chuo. Amma wanda ya fito daga tasha, ya kauce wa hasken allunan talla, ya kutsa ƙarƙashin gadar da jirgin layin Sobu ke bi ta kanta, zai tarar da tsohuwar Akihabara tana nan da ranta. Lunguna ne matsattsu, mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace. Hagu da dama 'yan rumfuna ne, wata faɗinta bai wuce a buɗe hannu biyu ba, mai ita yana zaune a tsakiya, kaya sun kewaye shi har saman kansa. Wannan rumfa maɓallan kunnawa da kashewa kaɗai take sayarwa. Ta kusa da ita wayoyi, kowane kauri da kowane launi. Gaba kaɗan ga mai kwandansa, ga mai taransifoma, ga wani tsoho da bawul-bawul na gilashi irin na rediyon kakanninmu. Jim kaɗan jirgi ya wuce ta sama, rufi ya girgiza, babu mai ɗaga kai.

Ziyara ce ta kai ni Tokyo, wajen ɗan 'yar'uwata da ke karatun injiniyan lantarki. Da ɗan gari akan ci gari, don haka da ya ce, "Kawu, gobe zan kai ka inda za ka ga asalin abin da kake yawan tambayata a kan kayan Japan," ban yi musu ba. Na zaci masana'anta za mu. Sai ga mu cikin cunkoson mutane, yawanci dattawa masu furfura, jefi-jefi da 'yan makaranta, kowa riƙe da ɗan faranti yana tsintar ƙananan kayan lantarki ɗaya bayan ɗaya, yana duba wata takarda a hannunsa. Galibinsu ba da wannan suke ci ba. Akwai ma'aikacin ofis, akwai malamin makaranta, akwai wanda ya yi ritaya da daɗewa. Da yawa daga cikinsu abu guda suke shirin haɗawa idan sun koma gida: na'urar da ke mayar da lambobi su zama sauti, wadda aka fi sani da DAC.

Yadda unguwar ta samo asali

Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, wuta ta riga ta cinye babban ɓangaren Tokyo. Mutane na ƙishirwar labari, rediyo kuwa ya yi wuyar samu. Sai 'yan tireda suka fara baje bawul da sauran kayan rediyo a gefen titunan yankin Kanda, da yawa rarar kayan soja ne. Ɗaliban wata makarantar lantarki da ke kusa, wadda a yau ta zama Jami'ar Tokyo Denki, sukan sayi kayan, su haɗa rediyo, su sayar su sami na kashewa. A 1949 hukumar sojojin da suka mamaye Japan bayan yaƙin ta ba da umarnin a kwashe 'yan tireda daga tituna, sai aka tattara masu kayan rediyon a ƙarƙashin gadar jirgi da kewayenta. Daga nan kasuwar ta bunƙasa, ta bi zamani: talabijin da firij da injin wanki, sannan kwamfuta. A 1976 kamfanin NEC ya buɗe wani ɗan kanti a ginin Radio Kaikan don tallata TK-80, wata ƙaramar kwamfuta da mai saye ne ke haɗa ta da hannunsa, kuma matasa da dama da suka zama manyan injiniyoyin ƙasar a kanta suka fara.

Lungunan suna raguwa. Ɗaya daga cikin tsofaffin jerin rumfunan, Radio Store, ya rufe a ƙarshen 2013. Amma Radio Center na nan, kuma a bayan babban titi akwai kantuna irin su Akizuki Denshi da Sengoku da Marutsu, inda a ranar Asabar sai mutum ya bi layi kafin ya kai ga durowar da yake nema.

Abin da na'urar ke yi

Kowane mai karanta wannan rubutu yana da DAC a aljihunsa. Duk wayar da ke fitar da karatun Alƙur'ani, ko waƙa, ko saƙon murya na WhatsApp, tana da ita a ciki, ƙanƙanuwa ƙwarai. Dalili kuwa shi ne abin da ke ajiye a cikin waya lambobi ne zalla, kunne kuma ba ya jin lamba. Abin da kunne ke ji shi ne kaɗawar iska. Dole a sami abin da zai karɓi lambobin, ya mayar da su wutar lantarki mai hawa da sauka, ita kuma ta tura lasifika gaba da baya har iska ta kaɗa.

Wajen ɗaukar sauti, ana auna ƙarfinsa ne sau dubbai a kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da lamba. A faifan CD sau 44,100 ake aunawa a daƙiƙa guda. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga 20 zuwa kimanin 20,000 a daƙiƙa, kuma ƙa'idar da ta fito daga ayyukan Harry Nyquist a 1928 da Claude Shannon a 1949 ta nuna cewa muddin yawan awo ya zarce ninki biyu na kaɗawa mafi sauri da ke cikin sautin, za a iya dawo da shi yadda yake. Ninki biyu na 20,000 shi ne 40,000. Ƙarin da ya kai shi 44,100 ya samo asali ne daga na'urorin bidiyo, domin a kan kaset ɗin bidiyo aka fara ajiye irin wannan sauti: awo uku a kowane layin hoto, layi 245, sau 60 a daƙiƙa.

Kowane awo kuma ana rubuta shi da bit 16, wato sifili ko ɗaya guda goma sha shida a jere. A ɗauka mai awon hatsi ne yake da kwanuka goma sha shida: babban kwano, sai rabinsa, sai rabin rabin, haka har zuwa na ƙarshe da bai fi cin 'yan ƙwayoyi ba. Duk adadin da aka nema, zai zaɓi kwanukan da zai cika, ya bar sauran. Da waɗannan kwanuka yana iya fitar da awo iri 65,536. Tsohuwar hanyar gina DAC ke nan: jerin rasistoci da ake kira tsanin R-2R, kowane mataki yana ba da rabin wutar wanda ke gabansa, lambar da ta shigo kuma ita ke faɗin matakan da za a buɗe. Wahalar a nan take. Idan babban kwanon ya kauce ko da da ƙwaya kaɗan, ya shafe amfanin ƙaramin gaba ɗaya. Rasistar kasuwa takan kauce da kashi ɗaya cikin ɗari, alhali bit 16 na buƙatar daidaito na kusan kashi ɗaya cikin 65,000. Shi ya sa masu wannan hanya kan sayi rasistoci da yawa, su zauna da mita suna aunawa ɗaya-ɗaya, suna ware waɗanda suka yi daidai da juna.

Hanya ta biyu, wadda ke cikin kusan duk wayoyi a yau, a nan Tokyo aka haife ta. A farkon shekarun 1960 Hiroshi Inose da Yasuhiko Yasuda na Jami'ar Tokyo suka fito da dabarar da ake kira delta-sigma. Maimakon matakai masu yawa da dole kowanne ya zama daidai, sai a yi amfani da 'yan matakai kaɗan, a riƙa kunnawa da kashewa sau miliyoyi a daƙiƙa, a tura kuskuren can sama inda kunne ba ya kaiwa, sannan a tace shi. Sauri ya maye gurbin daidaiton rasista, farashi ya faɗi warwas.

Sayen ƙunshi

A Akizuki muka sayi ƙunshin haɗa-da-kanka na masu fara koyo. 'Yar jakar leda ce, a ciki ga fanel da bai kai tafin hannu ba, ga rasistoci, ga kwandansoci, ga kiristal, ga ramin wayar USB. Zuciyar na'urar ai-si ne mai lamba PCM2704, na Burr-Brown, kamfanin garin Tucson na Amurka wanda Texas Instruments ya saya a 2000. Yana karɓar lambobi daga kwamfuta ta USB, bit 16, har zuwa awo 48,000 a daƙiƙa. Ƙafafunsa sirara ne ƙwarai, don haka an riga an liƙa shi a kan fanel, sauran aikin aka bar wa mai saye.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a jakar takarda ce. An zana taswirar da'irar gaba ɗaya, an jera kowane kaya da ƙimarsa da wurin zamansa, an bayyana tsarin da za a bi. Duk da Japananci. Ɗan 'yar'uwata ya ce haka abin yake a ko'ina: yaro ɗan shekara goma sha biyu da bai iya Turanci ba zai iya karanta takardar nan ya gane inda wuta ta shiga da inda ta fita. Mai kanti ba ya ɓoye taswira don tsoron kada a kwaikwaye shi. Cinikinsa ma a kan masu kwaikwayon ya dogara, domin wanda ya fahimci da'ira shi ne zai dawo gobe ya sayi kayan da zai inganta ta.

Mun yi sallar azahar a masallacin Assalam da ke Okachimachi, tasha ɗaya daga Akihabara, sannan muka wuce wajen wasu abokan ɗan 'yar'uwata. 'Yan ƙungiyar sha'awa ne da kan karɓi hayar ɗaki a cibiyar taruwar jama'ar unguwa a ƙarshen mako, kowa ya zo da abin da yake haɗawa. Babbansu wani dattijo ne da ya yi aikin injiniya har ya yi ritaya. Shi ya zaunar da ni, ya miƙo mini ayan, wato ƙarfen liƙi, ƙirar Hakko ta Osaka, ya saita zafinsa wajen digiri 350.

Darasinsa gajere ne, kuma da hannu ya fi bayar da shi. A fara da kayan da suka fi kwanciya ƙasa, rasista kafin kwandansa, don dogaye kada su tare hanya. Kafin a saka kowace rasista, a karanta zoben launukan da ke jikinta, sannan a tabbatar da mita, domin ido yakan ɗauki ja a matsayin ruwan ƙasa a ƙarƙashin fitila. Bakin ayan ya taɓa ƙafar kaya da zoben tagullar fanel a lokaci guda, a ɗan jira su yi zafi, sannan a kawo wayar liƙi ta narke a kansu, ba a kan ayan ba. A janye waya, a janye ayan, kada a motsa har ya daskare. Liƙi mai kyau yakan fito da sheƙi, ya gangaro a hankali daga ƙafa zuwa fanel. Wanda ya dunƙule ya yi duhu, yau zai yi aiki, bayan wata shida ya fara ƙarar da za a rasa daga inda take. Kwandansa mai ruwa tana da ƙafar gaba da ta baya, doguwar ita ce ta gaba, idan aka juya ta tana iya kumbura ta fashe.

Wayar liƙin haɗin kuza ce da dalma, kuma da na gaya masa cewa ƙasata ta daɗe tana haƙar kuza a tsaunukan Jos, sai ya ɗaga nadin wayar ya jinjina kai. Mai kashi 63 na kuza da 37 na dalma tana narkewa a digiri 183. Tun da Tarayyar Turai ta taƙaita dalma a kayan lantarki a 2006 masana'antu suka koma wadda ba ta da ita, mai narkewa a wajen digiri 217, amma masu aikin gida da yawa sun riƙe tsohuwar don ta fi sauƙin gudana. Saboda haka ya nace a buɗe taga, kuma kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa abinci.

Kafin a haɗa da kwamfuta, sai da ya sa muka auna tsakanin layin wuta da layin ƙasa, don tabbatar da cewa babu inda liƙi ya haɗe ƙafa biyu. Wannan awo na daƙiƙa kaɗan shi ke raba wanda zai koma gida da na'ura da wanda zai koma da ƙonannen fanel. Da muka soka waya, kwamfuta ta gane na'urar nan take, ba tare da an saka mata wata manhaja ba.

Gardamar masu kunne

A ɗakin nan na fahimci cewa haɗa ƙunshi ƙofar shiga ce kawai. A kan teburan akwai na'urori da aka yi shekaru ana sauya musu kaya, kuma masu su sun kasu gida-gida.

Asalin rabuwar ta koma ga haihuwar CD. Lokacin da Sony na Japan da Philips na ƙasar Holan suka amince da ƙa'idar faifan a 1980, Philips ya riga ya shirya ai-si mai bit 14, Sony kuma ya tsaya a kan 16, kuma ra'ayin Sony ne ya yi nasara. Maimakon ya watsar da nasa, sai Philips ya ƙara masa wata dabara: a ninka yawan awo sau huɗu ta hanyar lissafi kafin a juya shi zuwa sauti. Na'urar CD ta farko da aka sayar, Sony CDP-101, ta fito a Japan a watan Oktoba na 1982, kuma cikin 'yan shekaru dabarar ninka awo ta zama ruwan dare. Sai a 1996 wani mai sha'awa, Ryohei Kusunoki, ya rubuta a mujallar MJ cewa a cire wannan matatar lissafi baki ɗaya, a bar lambobi su shiga ai-si yadda suke. A ma'auni, irin wannan na'ura tana da naƙasu a fili: sautin sama yana ɗan raguwa, kuma tana barin tarkace a saman inda kunne ke ji. Duk da haka mutane da yawa suka ce ta fi musu daɗi, ra'ayin ya bazu har Turai da Amurka, kuma har yau ana haɗa irinta.

Wannan ne ya tayar da darajar tsofaffin ai-si na Philips, musamman TDA1541A, wanda aka daina ƙerawa tun shekarun 1990. Waɗanda suka fi daidaito a gwajin masana'anta akan buga musu tambarin kambi, ɗaya ko biyu, kuma su ake nema ruwa a jallo. Inda nema ya yi yawa kuwa, jabu na nan. Wani a ɗakin ya nuna mini guda biyu, ɗaya ya ciro daga tsohuwar na'urar CD, ɗayan ya saya da arha ta intanet, an goge bayansa an sake buga masa lamba da kambi. Araha ba ta ado. Shi ya sa suka fi yarda su biya ƙari a kantin da suka sani, ko su sayi matacciyar na'ura don abin da ke cikinta.

Gardamar ba ta tsaya a ai-si ba. Akwai masu rantsuwa da kwandansar MUSE ta Nichicon, akwai masu cewa sai Silmic ta Elna, wadda ake saka zaren siliki a takardar cikinta. Akwai masu kashe kuɗi a kan agogon na'ura, wato kiristal ɗin da ke faɗin lokacin da kowane awo zai fita, domin lamba ko da daidai take, idan ta fito kafin lokacinta ko bayansa, sautin ya gurɓata. Manyan na'urori kan ɗauki kiristal biyu, ɗaya mai kaɗawa sau 22,579,200 a daƙiƙa, wato 44,100 sau 512, ɗayan kuma na dangin awo 48,000.

Dattijon nan yana gefe guda da na'urarsa mai zana sauti a allo. Ra'ayinsa, kamar yadda aka fassara mini, shi ne wutar da ke ciyar da na'ura da yadda aka shimfiɗa layin ƙasa sun fi sunan kwandansa tasiri nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya ce ya ji bambanci, to a rufe na'urorin da mayafi ya sake saurara. Wasu sun yarda da shi, wasu sun ce kunnensu ya fi allonsa. Abin da ya burge ni shi ne kowa na iya buɗe murfin na'urarsa ya nuna abin da ya canza da dalilinsa. Gardama ce ta mutanen da suka san abin da suke magana a kai.

Sun kuma ba ni labarin abin da ya girgiza su a Oktoban 2020, lokacin da gobara ta tashi a masana'antar Asahi Kasei da ke Nobeoka a lardin Miyazaki, ta yi kwanaki tana ci. Daga can manyan ai-si na sauti masu tambarin AKM ke fitowa. Cikin ɗan lokaci suka ɓace daga kasuwa, farashin ragowar ya yi tashin gwauron zabo, kamfanoni da dama suka sake zana na'urorinsu don su karɓi na ESS ko Cirrus Logic na Amurka. Masu haɗawa a gida su ma suka sake zana nasu fanel. Wanda ya san da'irarsa, idan kaya ɗaya ya yanke yakan nemi madadinsa ya ci gaba.

Saurare

Da aka zo gwada tawa, aka haɗa ta da amfilifayar bawul da wani ya gina, aka ce in zaɓi abin da za a ji. Na sa wani tsohon ɗauka na marigayi Ɗan Maraya Jos. Kuntigin da yake kaɗawa kayan kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, babu inda na'ura za ta ɓuya a bayansa: ko dai a ji bugun da amon ɗan ƙoƙon a rarrabe, ko su cakuɗe. An ji su a rarrabe. Ɗakin ya yi tsit har waƙar ta ƙare, sannan tambayoyi suka biyo baya: da me ake yin tsirkiyar, wace fata ake rufawa, me mawaƙin ke cewa. Ba su san kalma ɗaya ta Hausa ba, amma sun saurara da dukan hankalinsu.

Wannan irin saurare tarbiyya ce a ƙasar. A unguwar Shibuya akwai gidan shan kofi mai suna Lion, wanda aka kafa a 1926, aka sake gina shi bayan yaƙi. Kujerunsa duk suna fuskantar wasu manyan lasifikoki na katako, ba a ɗaga murya, mutum ya sayi kofi ɗaya ya zauna sa'o'i yana jin faifai. Irin waɗannan gidaje sun yawaita a zamanin da faifan garmaho ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Mutumin da ya tashi yana saurare haka, ba abin mamaki ba ne ya so sanin abin da ke faruwa tsakanin faifai da kunnensa.

Babu wanda ya yi mini da'awar cewa na'urar da na haɗa ta fi 'yar ƙaramar da ake sayarwa a shagon waya. A ma'auni ma ta shagon na iya fin ta. Sun san haka sarai. Ribar da suke nema ita ce fahimta: su san aikin kowane kaya da ke kan fanel, su iya gano inda ya lalace, su iya gyara shi bayan shekara ashirin.

Abin da ke riƙe da al'adar

Da na tambayi yadda suka fara, amsoshin sun yi kama da juna. Mujalla ce ta fara jan su. MJ, wadda cikakken sunanta Musen to Jikken, ta fara fitowa a 1924, shekara guda kafin a fara watsa shirin rediyo a Japan. A shekarar ce kuma aka kafa Kodomo no Kagaku, mujallar kimiyya ta yara. Transistor Gijutsu tana fitowa tun 1964. Dukansu da harshen ƙasa ake rubuta su, suna buga taswirar da'ira da jerin kaya, mai karatu ya yanki shafi ya tafi da shi kanti. Sannan akwai kantin da zai sayar wa yaro rasista ta gaskiya a farashin da kuɗin tararsa zai iya. Akwai makarantun fasaha na shekara biyar da ake kira kosen, waɗanda aka fara a 1962, masu ɗaukar yara daga shekara goma sha biyar. A ƙarshe akwai dattijo irin wanda ya koya mini, da ke ganin zama da yaran unguwa a ranar hutu wani hakki ne a kansa.

Mu Hausawa mun san kayan Japan tun da daɗewa. Rediyon National da na Sony sun shiga zaure da rumfar kasuwa da rugar Fulani, mun kama tashoshin duniya da su a gajeren zango. Hannu kuma muna da shi. Duk wanda ya tsaya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga matashi yana ɗaga ai-si daga fanel da iska mai zafi, ya mayar da wani, ya san cewa aikin da na yi a Tokyo wasan yara ne a wurinsa. Haka tsofaffin masu gyaran rediyo na Sabon Gari, da na Zinder, da na Maraɗi. Abin da ya kamata mu tuna shi ne Masaru Ibuka ma da gyaran rediyo ya fara a 1945, a wani ɗaki cikin kantin Shirokiya da yaƙi ya lalata, yana ƙera 'yan na'urorin da ke sa rediyo ya kama gajeren zango. Shekara guda bayan haka shi da Akio Morita suka kafa kamfanin da ya zama Sony, kuma a 1955 suka fitar da rediyonsu na farko mai taransista.

Tazarar da ke tsakanin mai gyara da mai ƙira ita ce taswira da bayaninta. Matashinmu yakan koyi cewa idan waya ta yi kaza a canza kaza, amma da wuya a zaunar da shi a nuna masa dalili, da harshen da yake tunani da shi. Ƙunshin DAC irin wanda na haɗa darasi ne cikakke a fanel ɗaya: akwai lissafi a ciki, akwai wutar lantarki, akwai kimiyyar sauti, kuma sakamakonsa abu ne da yaro zai soka wa lasifika ya ji muryar da ya sani. Kayan da ke cikinsa ba su fi ƙarfin kwalejin fasaha ko ƙungiyar masu gyaran waya ba. Abin da ya rage shi ne malaman lantarki na kwalejojinmu su rubuta takardar haɗawa da Hausa, da taswira da bayanin aikin kowane kaya, 'yan kasuwar kayan gyara su ware kaya na gaskiya su tsaya a kansu, ƙwararrun masu gyara kuma su ba da yammacin rana ɗaya a mako ga yaran unguwa. Ɗan 'yar'uwata ya riga ya fara fassara takardar ƙunshinmu, kuma mun yi alkawari da wani mai gyaran rediyo a unguwarmu cewa shi zai fara gwada ta da almajiransa, ya gaya mana inda bayanin bai fito ba.